Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Garinmu da 'Yan Sanda Kan Tuƙa Keke a Hanyar Masu Ƙafa

Zuwa ga Shugaban Majalisar Gari, da Kansiloli, da Babban Jami'in 'Yan Sandan Yankinmu.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da godiya bisa ɗawainiyar da kuke yi da jama'ar wannan gari, na rubuto muku ne a madadin wasu mazauna da muka zauna muka yi shawara, bayan mun sami labarin cewa wa'adin dokar hana tuƙa keke a tsakiyar gari ya kusa cika, kuma majalisa na shirin sabunta ta yadda take, ba ƙari ba ragi. A cikinmu akwai dattawa masu dogara sanda, da makafi da masu raunin gani, da kurame, da iyaye mata masu tura keken jarirai, da masu shaguna. Akwai kuma samarin da ke kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke, da iyayen yaran da ke zuwa makaranta da shi. Ina roƙon ku riƙe wannan tun daga farko, domin ba faɗa da keke ya kawo mu ba. Da yawanmu a nan Ingila da shi muke neman na kanmu. Kukanmu shi ne doka tana nan a rubuce amma an yi mata riƙon sakainar kashi, ranar da aka tashi aiki da ita kuma sai ta faɗa kan wanda bai cuci kowa ba, mai yin ɓarnar ya wuce abinsa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Dokar ba sabuwa ba ce, kuma ba ta da wani ruɗani. Sashe na 72 na Dokar Manyan Hanyoyi ta 1835 ya hana tuƙa abin hawa a kan hanyar da aka keɓe wa masu tafiya a ƙafa a gefen titi, a 1888 kuma doka ta fayyace cewa keke yana cikin abubuwan hawan da ake nufi. Ƙa'ida ta 64 a kundin ƙa'idojin hanya ta maimaita haramcin da kalmomin dole. Tun 1999 ɗan sanda yana da ikon yanka tara nan take, wadda a yau ta kai fam 50, in magana ta kai kotu kuma tana iya kaiwa fam 500. Ga tsakiyar gari, inda aka rufe wa motoci hanya, dokar 2014 ta hana ɗabi'un da ke takura wa jama'a ta ba ku damar kafa taku dokar ta kare wuraren taruwar mutane, mai tarar da ake yankawa nan take, mai wa'adin da bai wuce shekara uku ba sai an sabunta. Duk wani makami da kuke bukata yana hannunku. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jami'in da zai tsaya a wurin da ake ɓarnar, a lokacin da ake yin ta.

Kukanmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne tsoro ya kori masu rauni daga hanyar da aka gina dominsu. Wanda yake da ƙafa da ido da kunne lafiya zai iya cewa ai kauce wa keke ba wani aiki ba ne. Ku tambayi makaho. Da sauti yake gane duniyarsa: ƙarar injin mota tana gaya masa inda titi yake, bakin daɓe, wato hanyar masu ƙafa, yana gaya masa inda zai tsaya. Keke ba ya da ƙara. Sai dai ya ji iska ta shafi kafaɗarsa, ko ya ji an buge sandarsa. Karen da ke yi masa jagora an horar da shi ya tsaya a bakin titi ne. Kurma ba ya jin ƙararrawa komai kaɗa ta. Ƙaramin yaro ba ya tafiya a miƙe, yanzu yana riƙe da hannun uwarsa, an jima ya zabura ya bi tantabara. Tsohuwa in ta firgita ba ta iya tsalle gefe, daskarewa take yi ko ta faɗi. Kowane likita kuma zai gaya muku abin da karayar ƙugu take yi wa mutum mai shekara tamanin: da yawa ba sa komawa tafiyarsu ta da.

Mahaifina yana cikin irin waɗannan. Hawan jinin ido ya cinye masa ganin gefe, sai abin da ke gabansa tsaf yake gani. Yana fitowa daga kantin magani a tsakiyar gari, wurin da allo ya ce ba a shiga da keke, wani ya zo da keken lantarki ya gogi hannunsa. Ya faɗi, wuyan hannu ya karye. Mai keken ya waiwayo, ya ɗaga hannu alamar ba da haƙuri, ya ƙara wuta. Ƙashi ya warke, alhamdu lillahi. Amma mutumin da a da kullum sai ya taka ya je ya gaisa da abokansa, yanzu sai wani cikinmu ya sami sarari ya riƙe masa hannu. Ba ya faɗi cewa tsoro yake ji, dattijo ne, sai dai ya ce yau jikin ba daɗi. Irin wannan asarar ba ta shiga kowane rahoto. Ba a rubuta sunan wanda ya daina fita.

A nan ne zan taɓo amsar da aka saba ba mu idan muka kai kuka, wato alƙaluma ba su nuna akwai matsala ba. Alƙaluman haɗarin hanya ana tattara su ne daga abin da aka kai wa 'yan sanda rahoto kuma aka samu rauni. Keke ba ya da lamba. Wanda aka buge yana ƙasa, wanda ya buge shi ya ɓace, me zai faɗa idan ya buga 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba? Yawancin mutane asibiti suke wucewa, a rubuta cewa faɗuwa suka yi. Wanda aka kusa bugewa kuwa, ko wanda aka zaga saboda bai matsa da wuri ba, ba shi da ma inda zai kai magana. Rashin rahoto bai zama shaidar zaman lafiya ba.

Na biyu, abin da ke ratsa tsakiyar gari a yau, da yawansa ba keke ba ne ko kaɗan a idon doka. Keken lantarkin da doka ta yarda a ɗauke shi a matsayin keke sai ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, sai injin ya daina taimakawa idan gudu ya kai mil 15.5 a sa'a, sai mai tuƙin ya kai shekara 14. Duk abin da ya wuce haka babur ne: yana bukatar rajista, da inshora, da lasisi, da hular kwano. Ku tsaya a bakin kowane gidan abinci da yamma ku duba. Za ku ga kekuna masu manyan tayu, an ɗaure musu batir da tef, mai shi ba ya ko taka feda, yana murɗa hannu kawai kamar mai babur. Ku kwatanta wannan da keken guragu mai inji, wanda doka ta ƙayyade masa mil 4 a sa'a a kan hanyar masu ƙafa. An ga dacewar a ɗaure tsohon da ba ya iya tafiya da mil 4, amma injin da ke ninka wannan gudun sau biyar ko shida yana wucewa ta gabansa ba mai cewa uffan. Haka ma ƙananan baburan tsaye na lantarki: na mutum na kansa haramun ne a hau shi a titi ko a daɓe, sai na haya a garuruwan da aka yarda a yi gwaji tun 2020, su ma ba a kan hanyar masu ƙafa ba. 'Yan sanda suna da ikon ƙwace abin hawan da ba shi da inshora. Mun ga an yi samame jefi-jefi, an jera kekunan da aka kama an ɗauki hoto, daga nan sai shiru na watanni.

Dole in yi adalci ga samarin da ke wannan aiki, don 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma wasunsu sun sa hannu a wannan wasiƙa. Ana biyansu ne bisa yawan saƙon da suka kai, ba bisa awannin da suka yi ba. Wanda ya zagaya ta titin da ya dace ya yi asarar mintuna, wanda ya ratsa ta cikin jama'a ya riga shi. Taswirar da ke cikin wayar ma wani lokaci ta tsakiyar kasuwar take nuna masa. Wannan bai wanke wanda ya buge mutum ya gudu ba, kuma mun faɗa musu haka ido da ido. Amma tsarin da ke saka wa mai ganganci ya hukunta mai natsuwa, ba yaron ne ya ƙirƙiro shi ba. Idan kuka ci tarar yaro ɗaya yau, gobe wani zai karɓi jakarsa ya bi hanyar nan da irin gudun nan. Kamfanonin da ke cin ribar saurin su ne ba mu taɓa ganin an kira zama ba.

Na uku, kuma a nan nake so ku saurare mu da kyau, domin kada a ɗauki kukanmu a mayar da shi hujjar zalunci. Idan aka ce a tsananta, wa ake kamawa? Wanda ya tsaya. Tsohon da ke tafiya a hankali, jami'i ya ɗaga hannu ya taka birki ya ce ina kwana, shi ake rubuta wa tara. Wanda ke sheƙa gudu ba mai iya cin masa da ƙafa. An gani a Grimsby, inda a 2022 aka ci tarar wani dattijo mai shekara 82 fam 100 saboda ya bi titin da aka hana da kekensa, labarin ya karaɗe jaridu. Lamarin yana ƙara muni idan aka damƙa aikin a hannun kamfani mai zaman kansa, aka riƙa auna ƙoƙarinsa da yawan takardun tarar da ya rubuta. Wanda ake auna shi da yawa, mai sauƙin kamu zai nema.

Gwamnati kanta ba haka ta nufa ba. Lokacin da aka shigo da tarar a 1999, ƙaramin minista a ma'aikatar cikin gida na wancan lokaci, Paul Boateng, ya bayyana cewa ba an yi ta ne don masu keke masu hankali da tsoron motoci ke tilasta musu hawa daɓe ba, matuƙar suna mutunta masu tafiya a ƙafa, ya kuma nemi jami'ai su yi aiki da hankali. A 2014 ƙaramin ministan sufuri Robert Goodwill ya sake jaddada wannan jagora. Ba a kuma yanka wa yaron da bai kai shekara 16 ba irin wannan tarar. Akwai naƙasassu da keke ne ƙafarsu: suna iya tuƙawa, amma ba sa iya sauka su tura. Ce wa irin wannan mutum ya sauko daidai yake da ce masa kada ya shigo gari. Dokar daidaito ta 2010 ta ɗora muku nauyin duba halin naƙasassu a duk shawarar da za ku yanke, kuma wannan nauyin ya shafi makahon da ke tafiya a ƙafa, ya shafi gurgun da ke kan keke.

Na huɗu, alamun hanya. Alamar hana keke a ƙasar nan jan da'ira ce da hoton keke a ciki, ba tare da layin da ya ratsa hoton ba. Baƙo da bai karanta kundin ƙa'idoji ba yana ganinta sai ya ɗauka izini ne. Shuɗin da'ira mai hoton mutum da keke kuma yana nufin hanyar ta haɗaka ce. A garinmu sai ka ga shuɗin allo a farkon hanya, ka yi tafiya kaɗan ya ɓace, ba abin da ya gaya maka ko haɗakar ta ƙare. Mai keke yana ganin yana kan gaskiya, mai ƙafa yana ganin an shigo masa, sai cacar baki. Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. A Huntingdon, a watan Oktoban 2020, wata mai tafiya a ƙafa mai raunin gani ta yi wa wata mai keke 'yar shekara 77 tsawa a kan daɓe, mai keken ta faɗa titi mota ta kashe ta. A 2023 aka ɗaure mai ƙafar shekara uku, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. A wajen shari'ar, 'yan sanda ba su iya tabbatarwa ko wannan hanya ta haɗaka ce ko ba ita ba ce. Rai ya salwanta, wata ta yi zaman kurkuku, iyalai biyu sun shiga uku, a kan hanyar da hukuma ma ba ta iya faɗin ta wane ne ba.

Na biyar shi ne tushen abin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa uwa ke ce wa ɗanta ya bi daɓe? Saboda ta ga titin da ya zagaye tsakiyar gari, ta ga bas da manyan motoci suna matse mai keke a jikin shinge, ta ga shataletalen da babba ma ke addu'a kafin ya shiga. Tsakani da Allah, motoci sun fi keke kashe masu tafiya a ƙafa nesa ba kusa ba, har a kan daɓen kansa, kuma motar da aka ajiye rabi a kan hanyar ƙafa tana tilasta wa mai keken guragu sauka titi kullum. An rufe wa keke tsakiyar gari ba a ba shi wata amintacciyar hanya ba, sannan aka fenta farin layi a bakin titi aka ce ga hanyarsa nan. Jagorar da Ma'aikatar Sufuri ta fitar a Yulin 2020 kan gina hanyoyin keke ta faɗi a sarari cewa a ɗauki keke a matsayin abin hawa, a raba shi da masu ƙafa a cikin gari, a kuma kare shi daga motoci inda suke da yawa. Gyaran da aka yi wa kundin ƙa'idojin hanya a Janairun 2022 ya jera nauyi bisa ƙarfi: mai babbar mota ya kiyaye mai ƙarama, mai mota ya kiyaye mai keke, mai keke ya kiyaye mai ƙafa. Abin da muke gani a ƙasa shi ne kowa yana ture na ƙasa da shi, har turin ya ƙare a kan wanda ba shi da wanda zai tura.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kada ku sabunta dokar a cikin ofis. Ku kira zama a fili, a wurin da mai keken guragu zai iya shiga, ku gayyaci makafi da dattawa da masu shaguna da masu keke da masu kai saƙo. Kafin zaman, ku fitar da bayanin tarar da aka yanka a wa'adin da ke ƙarewa: nawa ne, a ina, da wane lokaci, kuma nawa ne aka yi wa masu kekunan lantarkin da suka saɓa doka.

Ku sa jami'ai masu kaki a tsakiyar gari a kai a kai, a lokutan da abin ya fi ƙamari, wato tashin makaranta, da tsakar rana, da yamma lokacin odar abinci. A rubuta musu umarni a fili cewa abin farauta shi ne gudu, da kutsawa cikin jama'a, da tuƙi ana kallon waya, da tafiya da dare ba fitila. Mai tafiya a hankali a ja masa kunne a nuna masa hanya. Mai ganganci a hukunta shi ba sani ba sabo, in ya kai ga haka a gurfanar da shi bisa tuƙin keke na sakaci ko na haɗari, waɗanda dokar zirga-zirga ta 1988 ta tanadar wa tarar da ta kai fam 1,000 da fam 2,500. Kada kuɗin wani kamfani ko ladan wani jami'i ya rataya a kan yawan tara.

Ga 'yan sanda musamman, muna roƙon binciken kekunan lantarki ya zama aikin yau da kullum, a riƙa ƙwace waɗanda suka zama babura a ɓoye. Majalisa kuma ta sa jami'anta masu kula da ingancin kayan kasuwa su bi shagunan da ke sayar da kayan ƙara wa keke gudu da batiran da ba su da inganci, domin batiran nan suna tayar da gobara a gidajen haya da samarin ke kwana.

Ku kira kamfanonin kai abinci ku zauna da su. Ku nemi su cire titunan da aka hana daga taswirarsu, su tabbatar da irin keken da ma'aikacinsu ke hawa, su sa lamba babba a jikin jaka yadda wanda aka buge zai sami abin faɗa. Ku kuma ware wa masu kai saƙo wuraren tsayawa a bakin tsakiyar gari, kusa da gidajen abinci, su ajiye keke su ƙarasa da ƙafa.

A rubuta cikin dokar kanta cewa ba ta hau kan naƙasasshen da keke ne abin tafiyarsa ba, da ƙaramin yaron da ke tare da babba. Ku duba kuma ko ya dace a bar keke ya ratsa da sassafe da kuma bayan an rufe shaguna, lokacin da titin ba kowa. Dokar da mutane ke ganin hikimarta ta fi sauƙin bi.

Ku bi alamun nan ɗaya bayan ɗaya. Inda haɗaka ta fara a nuna, inda ta ƙare a nuna, a ƙara rubutu a ƙarƙashin jan da'irar, a sa daɓe mai ƙurajen da sandar makaho ke ganewa a duk inda hanyar keke ta haɗu da ta ƙafa. Ku buɗe hanya mai sauƙi, ta waya da ta intanet da ta baki a ofis, da mutum zai kai rahoton bugu ko kusan bugu ko da bai san wanda ya yi ba, ku riƙa fitar da abin da aka tara kowace shekara.

Na ƙarshe, wanda ya fi tsada kuma ba za mu daina tambayarsa ba: ku gina wa keke hanyarsa mai shinge da za ta zagaye tsakiyar gari, ku rage gudun motoci zuwa mil 20 a titunan makarantu da na unguwanni, ku hana ajiye mota a kan daɓe a duk inda doka ta ba ku iko. Ku faɗa mana titin da za a fara da shi da shekarar da za a fara.

Muna neman amsa a rubuce kafin ranar da za a kaɗa ƙuri'a kan sabunta dokar. Muna kuma gayyatar Shugaban Majalisa da Babban Jami'in 'Yan Sanda su ba mu sa'a guda da yammacin wata Asabar, su taka tsakiyar gari tare da makafinmu da dattawanmu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan su bi titin zagayen a kan keke tare da samarinmu. Ku zaɓi ranar, za ku same mu a shirye.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
A madadin mazauna gari, masu ƙafa da masu keke, da suka sa hannu a wannan wasiƙa.